Bayan Saduwa ta Baki: PEP, Gwaji ko Jiyyar Fargaba, Wanne Ya Dace da Kai?

Mutumin da ya yi saduwa ta baki, wato jima'in sa baki a al'aura, da wanda bai san matsayin lafiyarsa ba, daga baya tunanin cutar HIV ya faɗo masa a rai, yakan tsinci kansa a tsakanin shawarwari masu karo da juna. Wani shafi a intanet zai ce masa ya garzaya asibiti ya karɓi magani kafin kwana 3 su cika, wani zai ce ya kwanta ya yi barcinsa domin babu abin da zai same shi, mai kemis ɗin unguwa ya miƙo masa kafso ya ce zai wanke masa jini, shi kuma kunya ta ɗaure masa baki ya kasa tambayar wanda ya san abin da gaske. A haka sai ya raba dare yana haska harshensa da tocilan waya a gaban madubi, yana lalubar wuyansa ko kaluluwa ta fito. Saboda irin wannan mutum na yi wannan rubutu, namiji ne ko mace, kuma ba zan tsaya kan yadda aka yi abin ya faru ba, domin wanda hankalinsa ya tashi hanyar fita yake nema, kuma hanyoyin da ke gabansa sun bambanta ƙwarai wajen kuɗi da lokaci da irin amsar da suke bayarwa.

Girman haɗarin

Ba a iya zaɓar magani sai an san girman ciwon. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta tattara ƙiyasin haɗarin kowace irin saduwa da mai ɗauke da cutar wanda ba ya shan magani, idan ba a sa kwaroron roba ba. A cikin saduwa 10,000, ana ƙiyasta kamuwa sau 138 ga wanda aka sadu da shi ta dubura, sau 8 ga macen da aka sadu da ita ta gaba, sau 4 ga namijin da ya sadu da mace ta gaba. Da aka zo kan saduwa ta baki hukumar ba ta sa lamba ba, ta tsaya a kan cewa haɗarin kaɗan ne ƙwarai ko ma babu shi. A birnin Madrid na ƙasar Sifaniya likitoci sun bibiyi mutum 135 marasa cutar waɗanda abokan zamansu ke ɗauke da ita, kuma saduwa ta baki ce kaɗai suke yi ba tare da kariya ba. An lissafa musu irin wannan saduwa fiye da 19,000, kuma sakamakon da aka wallafa a 2002 ya nuna babu ko ɗaya da ya kamu.

Dalilan hakan a bayyane suke. Miyau yana ɗauke da sinadaran da ke raunana ƙwayar cutar, fatar cikin baki ta fi ta dubura kauri da juriya, abin da aka haɗiye kuma ruwan ciki mai tsami yakan kashe shi. Shi ya sa miyau ba ya yaɗa HIV, kuma wanda aka sa wa baki a al'aurarsa ba shi da haɗarin da za a lissafa. Wanda ya sa bakinsa a gaban mace haɗarinsa ƙanƙane ne matuƙa, sai dai jinin haila yana ɗaga shi kaɗan. Wanda ya fi kusa da haɗari a cikinsu shi ne wanda ya karɓi azzakari a baki har aka zubar masa da maniyyi, musamman idan yana da gyambo a baki, ko dasashinsa na zubar da jini, ko bai daɗe da cire haƙori ba, ko kuma ɗayan sabon kamu ne wanda ƙwayoyin cutar suka yi yawa a jikinsa. 'Yan tsirarun rahotannin kamuwa ta baki da aka samu galibi a irin wannan yanayin ne, don haka ba zan ce haɗarin sifiri ne ga kowa ba.

Akwai kuma abin da mai fargaba yakan manta, wato duk wannan lissafi ana yin sa ne bisa cewa ɗayan yana ɗauke da cutar. Babban binciken da aka yi a Najeriya a 2018, wanda ake kira NAIIS, ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ita, kodayake adadin ya fi haka a tsakanin mata masu zaman kansu da maza masu neman maza. Ko da ma yana ɗauke da ita, matuƙar yana shan maganinsa har ƙwayoyin cutar suka sauka ƙasa da 200 a kowane mililita na jini, ba ya yaɗa ta ta hanyar jima'i kowane iri.

Ma'aunan da za a bi

Da abubuwa biyar zan auna kowane zaɓi. Na farko shi ne lokaci, domin wani zaɓin ƙofarsa na rufewa bayan awa 72, wani kuma ba ya buɗewa sai bayan makonni. Na biyu kuɗi. Na uku ɗorewar amsa, wato ko abin da mutum ya samu zai rufe maganar ne, ko kuwa zai sake komawa bayan wata guda. Na huɗu sauƙi da rufin asiri, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke zaune a garin da mai rubuta kati a asibiti maƙwabcinsa ne. Na biyar haɗari, kuma a nan ina nufin illa ga jiki da kuma illa ga zuciya, domin akwai zaɓin da ba ya cutar da jiki ko kaɗan amma yana hura wutar zullumi. Wannan ma'auni na ƙarshe shi ne wanda aka fi yi wa sakaci, kuma a ganina shi ne ya fi nauyi a batun saduwa ta baki, inda tsoron yakan ninka haɗarin nesa ba kusa ba.

Maganin PEP

PEP shi ne shan magungunan da masu ɗauke da cutar ke sha, na tsawon kwana 28, domin a hana ƙwayar cutar kafuwa a jiki. Dole a fara shi a cikin awa 72 daga lokacin da abin ya faru, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon ƙarfin kariyarsa. Bayan kwana 3 ba shi da amfani. A ƙasashenmu galibi ƙwaya ɗaya ce a rana, wadda ta haɗa tenofovir da lamivudine da dolutegravir. Ana samun sa kyauta a asibitocin gwamnati masu sashen kula da masu HIV, kuma kafin a bayar sai an yi wa mutum gwaji don a tabbatar ba ya ɗauke da cutar tun farko.

Yana da nasa nauyin. Wasu sukan yi fama da tashin zuciya ko ciwon kai ko kasala ko rashin barci a kwanakin farko. Mai ciwon ƙoda dole ya sanar da likita. Mai ciwon hanta nau'in B shi ma haka, domin biyu daga cikin magungunan suna danne ƙwayar wannan ciwo, kuma idan aka daina sha ciwon yana iya tasowa da ƙarfi. Maganin ƙwannafi da na ƙarin jini da na ƙarin ƙarfin ƙashi suna hana dolutegravir shiga jiki yadda ya kamata idan aka sha su lokaci guda. Sannan PEP ba ya ba da amsa, yana ma jinkirta ta, tunda wanda ya sha sai ya jira gwajin wata 3 kafin a rufe maganarsa.

Saboda ƙarancin haɗarin, yawancin ƙa'idojin likitoci ba sa ba da shawarar PEP a kan saduwa ta baki ita kaɗai. Inda ake duba yiwuwarsa shi ne idan an san ɗayan yana ɗauke da cutar kuma ba ya shan magani, aka zubar da maniyyi a baki, kuma bakin na da rauni ko jini. Haka nan idan tilasta wa mutum aka yi, ko kuma saduwar ba ta tsaya a baki kaɗai ba. A nan ina roƙon mai karatu ya faɗa wa likita gaskiyar abin da ya faru dalla-dalla, domin da yawa sukan ce ta baki ce kawai saboda kunya alhali an wuce nan, kuma da wannan bayanin ne likita zai yanke hukunci. Wanda yake cikin awa 72 kuma yana shakka, ya je a duba shi yau, ko da a ƙarshe za a ce masa ba ya bukata. Abin da ban yarda da shi ba shi ne sayen maganin a bayan fage a sha kwana 5 a ajiye.

Gwaje-gwaje da lokacin ɓuya

Kowane gwaji yana da lokacin ɓuya, wato kwanakin da cutar za ta iya kasancewa a jiki amma gwajin bai isa ya gan ta ba. Wanda ya yi gwaji washegarin abin da ya faru, matsayinsa na watannin baya kawai ya gani. Hakan yana da amfaninsa, amma bai amsa tambayar da ta hana shi barci ba.

Gwajin kai a gida shi ne ya fi kowanne rufin asiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2016, kuma wanda aka fi sani shi ne OraQuick, wanda ake goga tsinkensa a dasashin sama da na ƙasa, a tsoma shi cikin ɗan ruwan da ke cikin kwalin, a karanta bayan minti 20. Ana sayar da shi a manyan shagunan magani da kuɗi mai sauƙi, wasu ƙungiyoyi ma sukan raba shi kyauta. Mutane da yawa sukan rikice a nan, su ce tunda ana gano cutar a baki ai ke nan miyau na yaɗa ta. Gwajin ba ƙwayar cutar yake nema ba, yana neman sinadaran martani ne da garkuwar jiki ke samarwa idan ta haɗu da cutar, waɗanda ke tsattsafowa ta dasashi. Rauninsa shi ne jinkiri, domin amsarsa ba ta zama ta ƙarshe sai an cika kwana 90, kuma wanda ke shan PEP bai kamata ya dogara da shi ba. Layi biyu a tsinken, wato alamar akwai cutar, ba hukunci ba ne sai an tabbatar a asibiti. Babban haɗarinsa ga mai zullumi kuwa shi ne sauƙin nasa: sai mutum ya sayi biyar ya ɓoye a ƙarƙashin katifa, ya riƙa yi duk mako, har ya koma kwandon shara ya ɗauko tsinken jiya ya ɗaga shi a hasken taga yana neman inuwar layi na biyu. Bayan minti 40 duk abin da ya bayyana a tsinken ba shi da ma'ana.

Gwajin yatsa a asibiti shi ne wanda aka fi sabawa da shi. Ana ɗan tsaga yatsa a ɗiga jini a tsinke, amsa ta fito cikin kimanin minti 15 zuwa 20, kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati da cibiyoyin da ake kira Heart to Heart. Galibin irin waɗannan tsinkaye su ma martanin jiki suke nema, suna fara gani daga wajen kwana 23, amma sai kwana 90 amsar ke zama ta ƙarshe. Fifikonsa a kan na gida shi ne akwai mutum a gabanka: ma'aikacin da aka horar zai saurari abin da ya faru, ya auna maka haɗarin, kuma idan tsinken farko ya nuna alama zai maimaita da wani iri daban a nan take kafin ya ce komai. Wanda ke jin nauyin idon sani yana iya zuwa asibitin wata unguwa ko wani gari. A Najeriya dokar hana nuna wariya ga masu HIV ta 2014 ta hana a bayyana sakamakon mutum ba da izininsa ba.

Gwajin jinin jijiya a ɗakin gwaje-gwaje, wanda ake kira gwajin zubi na huɗu, yana neman abu biyu a lokaci guda: martanin jiki, da wani ɓangare na jikin ƙwayar cutar mai suna p24, wanda ke bayyana kafin martanin. Saboda haka yana gani daga kwana 18 zuwa 45, kuma a Birtaniya likitoci suna ɗaukar sakamakonsa na kwana 45 a matsayin na ƙarshe ga wanda bai sha PEP ba. Ana biyan kuɗi, ana samun sa a asibitocin koyarwa da manyan ɗakunan gwaje-gwaje na kuɗi, kuma sakamako yakan ɗauki yini ko 'yan kwanaki. Dole mutum ya tambaya a fili ko na zubi na huɗu ne za a yi masa da na'ura, domin akwai wuraren da za a ɗebi jini a jijiya a je ciki a ɗiga shi a tsinken da ake yi wa kowa. Idan za a tambaye ni zaɓi guda ga mai halin biya, wannan zan nuna, domin yana raba lokacin jira biyu, kuma amsarsa tana tsayawa da ƙafarta.

Gwajin PCR shi ne mai neman ƙwayar cutar ita kanta, kuma ya fi kowanne saurin gani, daga kwana 10 zuwa 33. Shi ne mafi tsada da nisa, kuma a asibitocin gwamnati an fi tanadarsa don bibiyar masu shan magani da gwada jariran da aka haifa ga iyaye masu cutar. Yana da muhimmanci idan haɗarin babba ne kuma ga zazzaɓi da ƙuraje sun bayyana bayan mako 2 zuwa 4. Amma ga saduwa ta baki kashe kuɗi ne mai yawa a kan ƙaramin abu, likita zai so a bi shi da wani gwajin daga baya, kuma wani lokaci yakan nuna 'yar alamar ƙarya da za ta jefa mutum cikin tashin hankalin da ya fi na farko.

Yin shiru da bin kemis

Wannan shi ne zaɓin da mutane suka fi ɗauka, kuma shi ne mafi muni a kowane ma'auni in ban da rufin asiri. Ampiclox da sauran kafso ba sa taɓa ƙwayar HIV ko kaɗan. Abin da suke yi shi ne su lulluɓe ciwon sanyi ba tare da sun kashe shi ba, su kuma koya masa jure wa magani. Jiƙe-jiƙen wanke jini ba su da wani tasiri a kanta. Kurkure baki da ruwan wanke rauni ko goge haƙora da ƙarfi bayan saduwa yana ƙuje fatar da ke ba da kariya. Ruwa zalla ya isa. Jiran alamu kuwa ba ya kai mutum ko'ina, domin zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kasalar sabon kamu ba su da bambanci da na mura ko zazzaɓin cizon sauro, wasu kuma sukan kamu ba tare da wata alama ba har tsawon shekaru. Ita fargabar kanta tana busar da baki har harshe ya yi fari, tana kawo gudawa da gumin dare da faɗuwar gaba da rashin cin abinci har mutum ya rame, kuma wuyan da aka yini ana matsawa dole ya yi ciwo.

Jiyyar fargabar kanta

Akwai alamar da ke nuna cewa matsalar ta tashi daga jini ta koma zuciya. Mutum ya yi gwaji a lokacin da ya dace, sakamako ya fito lafiya, ya samu natsuwa ta kwana 2, sannan tunani ya dawo: wataƙila tsinken ya lalace, wataƙila an musanya jinina, wataƙila ni jikina daban ne. Sai ya sake gwaji, natsuwar ta zo ta fi ta farko gajarta. Kowane sabon gwaji da kowane bincike a intanet da tsakar dare yana koya wa ƙwaƙwalwa cewa lallai akwai abin tsoro. Mun san irin wannan a wurin mai wasiwasin alwala, wanda zai wanke hannu sau bakwai har a idar da salla yana bakin famfo, kuma mun san abin da malamai ke gaya masa: wanda shakka ta aure shi ya yi watsi da ita, domin yaƙini ba ya gushewa saboda kokwanto. Likitocin ƙwaƙwalwa kusan a kan wannan turba suke tafiya. A jiyyar zance da suke kira CBT, ana koya wa mutum ya zauna da tunanin ba tare da ya ruga neman tabbaci ba, har tunanin ya rasa ƙarfinsa. Idan abin ya kai matsayin ciwon wasiwasi da ake kira OCD, ko ya haɗu da ciwon damuwa, akwai magungunan da likita ke rubutawa, waɗanda sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu.

Wannan zaɓi ba shi da lokacin ɓuya, ana iya fara shi tun ranar farko tare da jiran gwaji. Yana cin lokaci da ɗan kuɗin kati da magani, kuma ƙwararrunsa ba su da yawa, amma akwai su a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri, da na Dawanau a Kano, da sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa. Zuwa can ba ya nufin hauka. Amsarsa ce ta fi kowace ɗorewa, domin wanda bai yi maganin wasiwasin ba, gobe askar wanzami ko allurar asibiti za ta tayar masa da shi. Sau da yawa kuma nadama ce ke sanye da rigar tsoron cuta, mutum yana jin lallai sai an hukunta shi a kan abin da ya aikata. Nadama tana da ƙofarta, ta tuba da zama da malami ko fasto mai riƙon amana, kuma tsinken gwaji ba zai iya yi wa mutum wannan aikin ba. Ƙwayoyin sa barci na kemis da tramadol ba sa magance komai, sabuwar matsala suke ƙarawa. Wanda tunanin halaka kansa ya fara zo masa kada ya jira wani gwaji, ya gaya wa wani na kusa ya kuma je asibiti a ranar.

| Zaɓi | Lokacinsa | Kuɗi | Ɗorewar amsa | Sirri | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| PEP | cikin awa 72, a sha kwana 28 | kyauta a asibitin gwamnati | kariya ce, sai gwajin wata 3 | sai an yi wa likita bayani | illolin magani, yankewa a hanya |
| Gwajin gida | kwana 90 | kaɗan | ta ƙarshe idan ya nuna babu cuta | cikakke | maimaitawa, kuskuren karatu |
| Gwajin yatsa | kwana 23 zuwa 90 | kyauta | ta ƙarshe a kwana 90 | matsakaici | doguwar jira |
| Zubi na huɗu | kwana 18 zuwa 45 | matsakaici | ta ƙarshe a kwana 45 | matsakaici | a yi maka wani gwajin daban |
| PCR | kwana 10 zuwa 33 | mai yawa | sai an bi shi da wani | matsakaici | alamar ƙarya, asarar kuɗi |
| Shiru da kemis | babu | kaɗan-kaɗan ba iyaka | babu amsa | cikakke | ɓoye ciwon sanyi, zullumi |
| Jiyyar fargaba | kowane lokaci | matsakaici | mai ɗorewa | matsakaici | ƙarancin ƙwararru |

Wa ya dace da wanne

Wanda aka sa wa baki kawai, ba shi ya sa ba, ba ya bukatar PEP kuma ba ya bukatar gwajin HIV saboda wannan abin. Idan bai taɓa gwaji ba ko ya daɗe bai yi ba, ya yi na yatsa kyauta don sanin matsayinsa gaba ɗaya. Wanda ya sa baki, babu maniyyi kuma babu rauni, gwaji guda ya ishe shi: na zubi na huɗu a kwana 45 idan yana da hali, ko na yatsa a kwana 90 idan babu. Ya rubuta ranar a takarda, ya yi wa kansa alkawarin ba zai taɓa tsinke ba kafin ta zo, kuma ba zai sake ba bayan ta wuce. Wanda aka zubar wa maniyyi a baki mai rauni, ko ya san ɗayan yana ɗauke da cutar ba ya shan magani, ko aka tilasta masa, idan awa 72 ba su cika ba asibiti ne wurinsa yanzu, ko da dare ne, ta sashen gaggawa. Idan ɗayan zai yarda a je a gwada shi tare, wannan ya fi komai saurin kwantar da hankali.

Mai aure yana da ƙarin nauyi a kansa, kuma a nan ne nake so a mai da hankali ga abin da tsoron HIV ke rufewa. Ciwon sanyi da tunjere da ƙurajen herpes da ƙwayar HPV mai jawo tsiro a fata duk sun fi HIV sauƙin wucewa ta baki, daga mai sa baki zuwa wanda aka sa wa ko akasin haka. Ciwon sanyi yakan zauna a maƙogwaro ba tare da alama ba, ana gano shi ta goga auduga a maƙogwaron bayan kimanin mako 2. Tunjere yakan fara da gyambo marar zafi bayan wajen mako 3, gyambon ya warke da kansa alhali cutar na nan a jini. Dukansu biyu suna warkewa da maganin da ya dace. Saboda haka mai aure ya nemi a haɗa masa da waɗannan gwaje-gwaje da na ciwon hanta nau'in B, ya karɓi allurar rigakafin hanta idan bai taɓa yi ba, ya kuma sa kwaroron roba ko ya ƙaurace wa shimfiɗa har sakamako ya fito. Wanda aurensa ya matso kuma ana jiran takardar gwaji, kamar yadda ta zama doka a Kano tun 2024, ya lissafa kwanakinsa ya zaɓi na zubi na huɗu.

Wanda irin wannan saduwa ta zama masa abin yau da gobe, ba PEP ne nasa ba. Ya yi magana da ma'aikacin lafiya a kan kwaroron roba da PrEP, maganin rigakafin da ake sha kafin haɗuwa da haɗari, da kuma gwaji duk wata 3. Wanda sakamakonsa ya tabbatar da cutar, a fara masa magani a ranar ko cikin makon, ƙwaya ɗaya a rana kyauta, kuma masu riƙe ta da kyau suna yin tsawon rai, su yi aure, su haifi 'ya'ya marasa cutar. Wanda kuwa ya riga ya tara sakamako biyu ko uku masu kyau bayan kwana 90 amma har yanzu yana haska harshensa a madubi, kuɗin gwaji na gaba ya kai shi wurin yankar katin ganin likitan ƙwaƙwalwa, ya tafi da takardun sakamakon nan a hannunsa ya nuna masa.